Hankaka Da Gabar Gado



A shekarar 2006, a birnin Siyatil na Amurka, wani masani mai suna John Marzluff da abokan aikinsa suka sanya wata fuskar roba, suka kama hankaki bakwai, suka sa musu zobe a ƙafa, suka sake su. Tun daga nan duk wanda ya sanya fuskar sai hankaki su yi masa caa, ko da ba shi ya yi kamun ba. Har waɗanda aka ƙyanƙyashe daga baya suka koyi tsanar.

Hankaka yana da uzuri, ransa yake karewa, kuma ba shi da bakin tambaya. To mu fa? Ni kaina na tashi akwai gidan da ba ma gaisawa da su. Da na bincika, ashe rigimar gona ce ta kakanni, duk sun rasu.

Taka-tsantsan da wanda ya cuce ka hankali ne. Amma ɗora wa jikansa laifin zalunci ne. Ɗan'uwa, kafin ka miƙa wa ɗanka gaba, tambayi kanka: shi wannan me ya yi min?

Allah Ya wanke zukatanmu.