Takardar da Muke Fara Jefarwa

A cikin kusan kowane kwalin magani akwai wata 'yar takarda a nannaɗe, cike da ƙananan rubutu na Turanci. Ita ce abin da yawancinmu muke fara jefarwa. Mai kemis ma yakan sauƙaƙa mana aiki: ya zaro falle ɗaya, ya ja layi uku da biro a bayansa, ya ce safe, rana, dare. Mu karɓi canji mu kama gabanmu. Sauran bayanin kuwa mu yi masa kunnen uwar shegu, wai ai ba mu jin Turanci. Alhali kalmomin da ake bukata ba su da yawa.

Haruffan MFG suna nuna lokacin da aka sarrafa maganin, EXP kuma lokacin da wa'adinsa zai ƙare. Akwai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna a Najeriya. Tun 2010 wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna zuwa da wurin kankarewa: ka tura lambar da ke ƙarƙashi ta saƙon tes, a gaya maka ko na gaskiya ne ko jabu.

Ɗauki farasitamol, wanda ba a rasa shi a gida. Ba a so babba ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 mai miligiram 500. Amma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, sunansa na nan a rubuce jikin kwalin. Mai mura da ciwon kai sai ya haɗa biyun yana ta afawa, hantarsa ce ke shan wahala bai sani ba. Haka Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro: sau 6 ake sha cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo ko madara don ya ratsa jiki sosai. Da zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu, sai a ɗaure sauran a leda, a ajiye wai saboda gaba.

Abin lura shi ne, a gidajen nan sau da yawa akwai ɗan sakandare da ke haddace manyan kalmomin Turanci saboda WAEC da JAMB, amma ba a taɓa miƙa masa kwalin maganin kakarsa ya karanta ba, shi ma bai taɓa tunanin dubawa ba. Ya kamata malaman Turanci su riƙa shiga aji da kwalayen magani, iyaye kuma su riƙa sa yara karanta musu kafin a sha. Inda aka kakare, a koma wurin likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna. Matambayi ba ya ɓata.