A Kan Iya Aiki da Zaɓen Ma'aikaci

Akwai wata tambaya wadda ba ka da makawa sai ka gamu da ita, ko kai mai neman aiki ne, ko kuwa kai ne mai ba da shi. Ga mutum biyu tsaye a ƙofarka. Ɗaya ɗan ƙanwarka ne, ka san yunwar gidansu, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Ɗayan kuwa baƙo ne, ba ka san ubansa ba, amma ya iya aikin sarai. Wa za ka ɗauka? Kada ka yi garajen amsawa, gama zumunta abu ne mai nauyi, wanda ya raina ta kuwa ba za a kira shi mutumin kirki ba.

Bari mu fara da shi aikin kansa. Dubi fadamar Rima, tun daga Boyekai a ƙasar Goronyo har zuwa Wurno, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Manomin albasa yakan yi renon iri, ya yi dashe, ya yi ta ban ruwa wata da watanni, sa'an nan in girbi ya kusato ya janye ruwa domin albasa ta bushe ta yi ƙwari. Idan ya ɗauki yaro wanda bai san wannan ba, yaron zai ci gaba da kwarara ruwa da kyakkyawar niyya. Ranar cira ba za a ga aibi ba. Sai an kai ta wurin ajiya, an yi kwanaki, sa'an nan wari ya tashi, wahalar rani duka ta ruɓe. Yaron nan bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, duk da haka ya tsiyata gida. Ka lura fa, rashin iyawa yana da nasa irin zalunci, ko da zuciyar mai shi fara ce fat.

Haka yake ga mai gyaran injin ban ruwa, da ungozoma, da malamin makaranta, da akawu mai riƙon littafin kuɗi. Balle wanda aka danƙa wa ƙofofin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984. Mutanen da suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010 sun san ƙarfin ruwan Rima, ba sai an gaya musu ba. Ashe wanda zai tsaya a irin wannan wuri, yana auna ruwa yana lissafin sa'ar buɗewa da ta rufewa, za a zaɓe shi domin shi surukin wani ne?

Saboda haka, in kai ma'aikaci ne, kada ka ce koyon sana'a sha'anin ciki ne kawai, ba ruwansa da halin kirki. Mutanen da za su ci amfanin aikinka, ko su sha cutarsa, yawancinsu ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba, su kuma ba su da ikon bincika abin da ka yi. Sun dogara gare ka kamar yadda makaho ya dogara ga ɗan jagora. To, ka zauna a ƙarƙashin gwani, ka jure faɗansa. Ka tambayi abin da ba ka sani ba tun kana yaron shago, gama tambayar da ta yi maka nauyi yau za ta fi nauyi ranar da aka fara kiranka maigida. Ka gyara ɓangaren aiki wanda ido ba ya kaiwa kamar yadda kake gyara na fili. Ba laifi ba ne ka so ƙarin girma da ƙarin albashi. Amma akwai mai neman girma ta wurin yawan zirga-zirga a zauren manya, akwai kuma mai nemansa a bakin maƙera. Na farin yakan riga isa, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai kullum yana cikin tsoron ranar da za a ce masa, “To, yi mu gani.”

Yanzu mu koma ga mai ɗaukan ma'aikata, gama nasa nauyin ya fi. Ƙasar nan tana da abin tunawa a kan wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya kuma rasu a can a 1837, ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina gargaɗi a kan mulki. A ciki ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'a, kamar su manoma da maƙera da maɗinka da marina, ya ga kowane gari ya sami nasa. Watau a wurinsa gwani dukiyar jama'a ne. Wazirinsa kuma, Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u ne, 'yar'uwar shi Bello. Ga suruki ke nan a babban matsayi. Amma Giɗaɗo malami ne, marubuci, wanda ya riƙe wasiƙu da sha'anin sarakunan gabas shekaru da yawa. Daga nan za ka gane, kasancewar mutum naka ba ta hana a ɗauke shi. Abin tambaya shi ne, da a ce ba naka ba ne, za ka ɗauke shi?

Mutane da yawa sukan ruɗi kansu a daidai wannan wuri. Sukan ce, “Ai taimako na yi.” Amma da dukiyar wa ka yi taimakon? In gonarka ce, hasarar taka ce, kana da iko. In kuwa asibitin gari ne, ko makaranta, ko ofishin hukuma, to ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Majinyaci ne zai biya, da yaron da zai fita aji shida bai iya karanta sunansa ba. Shi ma gwanin da ka sallama ka ƙwace masa hakkinsa, ka kuma koya wa samarin gari cewa wahalar koyo banza ce, sanin manya ya fi. Har wa yau, ka yi hankali da wani tarko wanda yakan kama sabon mai bi musamman, watau fifita wanda kuke sujada tare bisa wanda ya fi shi iyawa. Wannan ma son kai ne, ko da ya yafa mayafin ibada, maƙwabtanka kuwa ba za su kasa ganewa ba.

To, ɗan ƙanwarka fa, a yashe shi? Ko kaɗan. Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, ya gama kwalejin horon malamai ta Katsina a 1931, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Sa'ad da ya zama Firimiya a 1954, ya tarar 'yan Arewa kaɗan ne a manyan ayyukan gwamnati, ya kuwa ƙudura sai sun shiga. An yi gardama a kan manufar nan, har yanzu ana yi, akwai masu cewa an yi gaggawa a wasu wurare. Amma abin da ya fi daɗewa daga cikinta shi ne horon: aka faɗaɗa makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, aka aika samari karatu Ingila, aka buɗe jami'a a Zariya a 1962. Ya gane cewa in kana so naka ya hau kujera, sai ka fara sa shi a benci.

Kai ma haka za ka yi gwargwadon ƙarfinka. Ka ɗauki baƙon nan gwani, ka biya shi ladansa cikakke a kan kari, kada ka riƙa yi masa gori da baƙuncinsa. Sa'an nan ka kira ɗan ƙanwarka, ka gaya masa gaskiya a fili, ba a bayan idonsa ba. Ka sa shi a hannun gwanin ya yi koyo, ka ɗauki nauyin abincinsa daga aljihunka. Ƙanwarka za ta yi fushi, watakila ta daina taka gidanka har damina ta wuce. Ka jure, ka ci gaba da zuwa gaishe ta. In rani ya kewayo, ka ba yaron fage guda na albasa ya riƙe shi kaɗai, tun daga reno har ajiya, ka bar buɗe rumbu ya yi shaida.