Hoton da Aka Zana Domin Jama'a, Na Wane Ne?

A watan Mayun 2002, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da wani zanen Norman Rockwell a kan kusan dala miliyan 5. Zanen, mai suna Rosie the Riveter, ya fara fitowa ne a bangon mujallar Saturday Evening Post ranar 29 ga Mayu, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wata ƙaƙƙarfar mace ce zaune da kayan aiki a jikinta, na'urar buga ƙusa a cinya, burodi a hannu, ta take littafin Hitler da ƙafa. An yi shi ne don ƙarfafa gwiwar matan Amurka da suka cika masana'antun jiragen sama da na ruwa bayan maza sun tafi fagen daga, sannan Baitulmalin ƙasar ya yi amfani da shi wajen neman rancen kuɗin yaƙi daga jama'a. Hukuncin zanen mai rai fagen malamai ne, a bar musu. Abin dubawa a nan shi ne, abin da aka yi domin jama'a, yana zama na mutum guda ɗungurungum don kawai ya fi kowa tayi?

Sai a fara da tambayar inda darajar ta fito. Gwanintar Rockwell ba abar musu ba ce, har salon zaman matar ya aro shi ne daga zanen Annabi Ishaya da Michelangelo ya yi. Amma bangon wannan mujalla sama da 300 ya zana, me ya fifita wannan a idon masu tayi? Matan nan ne. Miliyoyinsu sun yi aikin ƙarfe dare da rana, da yaƙi ya ƙare a 1945 aka sallami da yawansu don a mayar wa maza gurabensu. Mary Doyle, budurwa 'yar shekara 19 mai aikin haɗa wayar tarho a garin Arlington na jihar Vermont, wadda ta zauna aka zana ta, dala 10 aka ba ta. Gumin waɗannan mata ne ya yi wa zanen tsada, kuma ranar da aka buga gudumar gwanjo babu wadda ta ga sisi.

Wani zai ce ciniki halal ne, mafi yawan malaman fiƙihu ma sun yarda da gwanjo, kuma mai abu shi ke da ikon abinsa. Gaskiya ne, babu mai cewa an yi sata. Sai dai halascin mallaka ba ya goge haƙƙin da ke rataye da abin da aka mallaka. Za a kuma ce an buga hoton miliyoyin kwafi, don haka jama'a ba su rasa komai ba. Mai sayen da kansa ya rushe wannan hujja, domin da kwafi ya wadatar da bai zuba miliyoyi a kan na asali ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsada na sa a adana abu da kyau, kuma haka ne, kayan tarihi da dama sun lalace ne don ba a ɗauke su a bakin komai ba. To amma adanawar domin wa, idan zanen zai ƙare a ɗakin da mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa? Sayyidina Usman da kuɗinsa ya sayi rijiyar Ruma a Madina, cinikin ya inganta, amma abin da ya sa ake ambatonsa har yau shi ne ya bar kowa ya ɗebi ruwa.

A 2009 gidan tarihi na Crystal Bridges da ke Bentonville a jihar Arkansas, wanda Alice Walton, magajiyar dukiyar kamfanin Walmart, ta kafa, ya sayi zanen. An buɗe gidan a 2011, kuma shiga kyauta ne. Akwai masu jin zafin cewa dukiyar Walmart, kamfanin da aka daɗe ana zargi da ƙarancin albashi, ita ta sayi hoton ma'aikaciya, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Duk da haka jikar mai aikin ƙusa tana iya tsayawa gabansa ba ta biya ko kwabo ba. Duk wanda ya sayi irin wannan zane ya kulle shi, cinikinsa ya halatta, amma ya ci amanar waɗanda suka ba shi daraja.