Fasali a kan abin da ya sa rai ke son amshin da ya sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah Ya shiryar da mu da kai, mai tambaya yakan ce: don me ake maimaita begen da kowa ya san ƙarshen baitinsa, zukata kuma ba su ƙoshi?

Jawabi shi ne, an halicci rai da son cika alkawari. In sha'iri ya buɗe baiti, kunne yakan tsaya jiran ƙafiya. In ta sauka inda aka jira ta sai rai ya natsu, kamar mai bin bashi da aka biya ran da aka ɗiba. Don haka Alfazazi ya gina Ishiriniya bisa haruffa, kowane harafi baiti 20 masu ƙarewa da shi. Haka mai bandiri, hannunsa na komowa inda ya tashi, jama'a na karɓar amshi, har wanda bai yi karatu ba ya sami rabonsa.

Mafi girman hujja tana cikin Alƙur'ani: aya guda ta maimaitu sau 31 cikin Suratur Rahmani. Fatiha kuwa sau 17 muke karanta ta kullum cikin farillai. Hikimar ita ce, baƙo a hanya ƙafarsa yake duba, ɗan gari kuwa yakan ɗaga kai. In harshe ya riƙe lafazi, zuciya ta sami sararin duba ma'ana.

Amma hattara, jaki ma ya san hanyar gida. Ta wannan ƙofa kiɗan banza ke shiga, ta nan kuma gafala ke sace wuridi, bakinka na istigfari 100, zuciyarka na kasuwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana cikin Ihya'u cewa sauraro yana motsa abin da ke kwance cikin zuciya ne, alheri ko sharri.

To ka auna kanka. In ka tashi daga halƙa da ƙarin kunyar Allah, daɗin nan guzuri ne. In muryar mai bege kaɗai ka tafi da ita, rabon kunne ne, sai ka gyara niyya ka koma.

Allah Ya raya zukatanmu da ambatonSa, amin. Tammat bi hamdillahi.