Tsakanin Littafi da Alƙalin Wasa

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana wahalar da masu kafa dokoki, malamai ne ko sarakuna ko masu shirya wasan yara, wato shin ya fi dacewa doka ta yi faɗi har ta ɗauki kowace irin bukata, ko kuwa ta tsaya a kan abu guda ta kyautata shi. Na zaɓi in duba ta ta fuskar wasa, domin a wasa ne mutum yake ɗora wa kansa ƙa'ida da yardarsa, ba don tsoron dogari ko azabar lahira ba, saboda haka a nan ne halin doka yake fitowa fili. Ba hukuncin halarci ko haramci nake nema ba. Sananne ne cewa Imamu Malik ya kawo babi a Muwaɗɗa a kan wasan nardi, kuma bai ga alheri a shaɗaranji ba, wannan kuwa fagen masu fatawa ne.

Mutanen Bauchi sun san wasa iri biyu da suka yi hannun riga. Na ɗaya dara, mai ramuka 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa, wanda ya jera huɗu bai yi kome ba. Dokarta ƙunƙuntacciya ce ƙwarai, amma saboda wannan ƙuncin ne baƙo daga Ningi ko Katagum zai sauka a Wunti ya kara da ɗan gari, ba alƙali, ba mai tambayar asalinsa, a tashi kowa ya san wanda ya ci. Na biyu tashe, wanda yara kan fara bayan goma ga watan azumi, inda wani zai manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama mai magani. Tashe ba shi da littafi, ransa duka yana hannun yaron da ke jagora: in mai basira ne gida ya cika da dariya, in ba haka ba a ba su hatsi don su tafi.

A shekarar 1974, a ƙasar Amurka, wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda a ganina ya nemi ya haɗa dara da tashe a faifai ɗaya. Mutane kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo na almara, mayaƙi ko masihirci ko wanin su, guda kuma ya zama alƙali mai jan zaren labari. In gwarzo ya nufi aikin da ake shakkar nasararsa, sai a jefa wata ƙwaya irin ta lido, mafi shahara mai fuska 20, ita ta raba gardama. Bugun farko ƙananan littattafai uku ne masu giɓi da yawa, alƙali ke cike su da hankalinsa, har ya zama kowane zaure da irin wasansa. Wannan ya dami Gygax, ya tsara babban bugu tsakanin 1977 da 1979 domin a sami ƙa'ida guda da za a yi gasa a kanta.

Bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000 bayan ya sayi kamfanin asali a 1997, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Masu shi sun so su bai wa kowa damar gina irin gwarzon da ransa ke so, kuma suka so kowace dama ta sami nassi rubutacce, sai littattafai suka yi ta haihuwar littattafai, har aka wayi gari wanda ya fi haƙurin bin shafuka, yana tsinto rangwame daga nan yana ƙulla shi da wani daga can, yakan zo da gwarzon da ya fi ƙarfin na abokansa baki ɗaya, alhali bai karya doka ko ɗaya ba. Malaman fiƙihu sun san wannan cuta tun da daɗewa, sun kira ta hila da bibiyar rangwame, sun kuma yi gargaɗi a kanta.

A 2008 bugu na huɗu ya zo da magani mai ɗaci: aka karkasa gwaraza zuwa ayyuka huɗu a fagen fama, aka auna ƙarfin kowa da mudu ɗaya, aka mai da hankali ga yaƙi a kan allo mai gidaje. An sami adalci, amma da yawa suka ce an mai da tashe dara, suka yi ƙaura zuwa Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya gina a 2009 bisa tsohon tsari. Bugu na biyar, na 2014, ya rage nassi ya mayar wa alƙali da yawa daga ikonsa.

Abin da na fahimta daga wannan kai da komowa ta shekara 40 shi ne, gardamar faɗi da ƙunci a haƙiƙa gardamar amana ce, wato wa za a yarda da shi, littafi ko mutum. Wanda ya ƙuntata doka yana tsoron son zuciyar alƙali; wanda ya bar ta a buɗe ya amince da shi. Ba na daidaita wasa da shari'a, Allah Ya tsare, amma tarihinmu ya san irin wannan saɓani a kan abin da ya fi wasa nauyi. Malam Abdullahi na Gwandu ya tsananta game da ganguna da tufafin ado da laƙabobin sarauta, don gudun kada jama'a ta koma gidan jiya, Shehu Usmanu kuwa ya sassauta a littafinsa Najmul Ihwani, yana mai duba saɓanin malamai. A ra'ayina, Shehu da ya miƙa tuta ga almajirinsa Yakubu, ya bar shi ya kafa birnin Bauchi a tsakiyar duwatsu da harsuna masu yawa, nesa da Sakkwato tafiyar kwanaki, ba makawa ya bar masa fili, kuma bai bar masa ba sai don ya san shi tun zaman karatu a Ɗegel.

Saboda haka ba na ganin aibin bugu na huɗu kamar yadda masu kushe shi suka gani, domin ya faɗi abin da ya zo yi kuma ya yi shi. Na farko da na biyar ma suna da hujja matuƙar an dace da alƙali mai adalci. Wanda na ƙi shi ne tafarkin na uku, da ya nemi faɗi ta hanyar tara nassi, ya ƙwace hukunci daga alƙali, bai kuma iya riƙe shi a littafi ba, ya faɗa hannun mafi wayo.

Ina kira ga samarinmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da sauran makarantun Bauchi, in har wani ya yi niyyar tsara wasa irin wannan a kan ganuwar birni ko ayarin fataken Gwanja, to ya fara sanin su wa za su zauna masa. In baƙin juna ne, ya ɗaure doka tamau irin ta dara. In abokai ne da suka yarda da babbansu, ya rubuta 'yan shafuka kaɗan ya bar wa babban sauran.