Tsoron da ke Ceton Rai

A daminar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya cika ya batse, ya shiga gidaje da gonaki a Garwa da ƙauyukan kewaye. Ina tuna daren da muka kwana a zaune, rediyo a hannun mahaifina, muna jiran a ce mana mu tashi ko mu zauna. Tun daga nan nake tambayar kaina: shin ya halatta ɗan jarida ya firgita jama'a da gangan?

Mun taso muna jin cewa natsuwa ce adon mai karanta labarai. Haka abin yake a Japan, har igiyar teku ta 11 ga Maris 2011 ta halaka dubban mutane, ciki har da waɗanda suka ji gargaɗi suka yi jinkiri. Daga baya tashar NHK ta sauya salo. Ranar 1 ga Janairu 2024, da girgizar ƙasa ta afka wa yankin Noto, mai gabatarwa ta ɗaga murya tana umartar mutane su bar kallon talabijin su hau tudu.

Na yarda firgitarwa na da illa: in an yi ihu ruwa bai zo ba, gobe ba mai tashi. Sai dai wanda ya gudu a banza zai dawo ya yi mita, wanda ruwa ya ci kuwa ya tafi ke nan. Don haka in Binuwai ya sake tasowa, a faɗa mana da ƙarfi, da Fillanci da Hausa, ba da Faransanci kaɗai ba, tun muna da ƙafar gudu.