Abin da Muke Zubarwa da Abin da Muke Ratayawa



Ya 'yan'uwa, wata tambaya ce ta jawo rubutun wannan Juma'a. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya same ni bayan la'asar. Maƙwabciyarsu 'yar Kalaba ta aiko musu da miyar ganye, babu nama a ciki sai kayan ruwa: kaguwa, jatan lande, da ƙananan katantanwar nan masu tsini da ake tsotsa. Uwargida ta zubar, ta wanke kwanon sau bakwai, kuma maƙwabciyar ta gani. Ya ce, "Malam, daidai ta yi?" Muna cikin magana sai ga ɗansa ya rugo, da wuri uku a zare a wuyansa. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, don ba gidansa kaɗai ba ne.

Mu 'yan tudu ne. Abin da muka sani na ruwa shi ne tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Da neman abinci ya kawo mu Legas, sai muka tarar da halittun da ko sunansu ba mu da shi, muka haɗa su duka muka ce ƙwari ne. To, masana halittu sun daɗe da rarrabe su. Wani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus, a bugun littafinsa na 1758, ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latin, na dangi da na ita kanta, kuma har gobe a kan wannan tsari ake tafiya.

A wurinsu akwai babban dangi na masu taushin jiki marasa ƙashi. A ciki akwai masu ɓawo guda a murɗe, masu jan ciki, kamar dodon koɗi da 'yan tsinin nan na miya. Akwai masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar murfin akwati, irin su kawa, kuma a cikin irinsu ake samun lu'ulu'u: wani abu ne ke shiga ya dami dabbar, sai ta yi ta lulluɓe shi da shafi kan shafi har ya zama abin ado. Akwai kuma mai hannuwa takwas ɗin nan, wadda ba ta da ɓawo a waje amma danginsu ɗaya. Kaguwa da jatan lande kuwa dangi daban ne: ƙafafu goma masu gaɓoɓi, da sulke da suke tuɓewa idan sun girma. Kirafish da ake daka wa miya ba kifi ba ne, ƙaramin jatan lande ne busasshe, kuma a lissafin masana ya fi kusa da fara a kan tarwaɗa. Wanda ya ci soyayyar fara da yaji a Kano, ban ga dalilin da zai yamutsa fuska ba.

Amma a kula, wannan rabe-rabe na masana ba shi ne ma'aunin halal da haram ba. Su ginin jiki suke dubawa. Malaman fiƙihu kuwa suna tambaya ne: a ina dabbar take rayuwa? Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da aka kamo daga teku da abincinsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira, inda wani matafiyin teku ya yi tambaya kan alwala da ruwan gishiri, Manzon Allah (SAW) ya amsa masa cewa ruwan mai tsarkakewa ne, ya ƙara masa da halaccin mushen cikinsa. A kan haka mazhabarmu ta Malikiyya ta tafi: dabbar ruwa halal ce ba sai an yanka ba, ko da tana iya daɗewa a tudu kamar kaguwa. Hanafawa sun taƙaita a kan kifi, kuma saɓani ne na manyan malamai da ake girmamawa. Don haka idan ka ga ɗan Indiya ko Pakistan ya ƙi ci, ba tsoron Allah ya fi ka ba, mazhabarsa ya bi.

Dodon koɗi na tudu, manyan nan da ake sayarwa a kwando, hukuncinsa daban ne. Imamu Malik ya kwatanta shi da fara: a kama shi da rai, a dafa ko a gasa da niyya da bisimilla. Wanda aka tsinta matacce ba a ci.

Wanda ransa bai so ba, babu dole. Annabi (SAW) da kansa ya ƙi cin damo, aka ci a gabansa bai hana ba. Ƙyama daban, haramtawa daban. Ki ce ba ki saba ba, ki ba wanda zai ci, amma kar ki ce wa halal najasa. Wanda kayan ruwa ke sa wa ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi ya nisance su, kuma a dafa su sosai, don masu ɓawo biyu ruwa suke tacewa su ci, mun kuwa san halin ruwan lagun ɗinmu.

Yanzu sai wuri. Shi ma fa gidan dabba ne, 'yar'uwar waɗancan da aka zubar. A ruwa mai ɗumi marar zurfi take zaune, tana kiwon gansakuka. Ita ke gina ɓawon daga jikinta, da sinadari irin na ɓawon ƙwai, kuma sheƙin da kuke gani saboda fatarta ce ke lulluɓe shi ta waje. Linnaeus ya sa masa suna Cypraea moneta, kalmar ta biyu tana nufin kuɗi. Mu ma ai haka ne: kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka kawo shi. Ibn Baɗuɗa ya zauna can, ya ga yadda ake tara shi a rami har naman ya ruɓe ya bar ɓawo, daga baya ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo. Turawa sun yi ta sauke shi da jirage a gaɓar nan, har bayi aka saya da shi. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka kwararo wani iri daga Zanzibar, darajarsa ta zube. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin abin da ke faruwa idan kaya ya cika kasuwa.

To, jama'a, dabbar da ta gina wannan ɓawo ba ta iya kare kanta daga rami ba. Ta yaya gidan da ta mutu ta bari zai tsare yaronka daga kambun baka ko maita? Ta yaya mai duba zai watsa shi a tabarma ya gaya maka ko kayanka za su iso daga Sakkwato? Larabawan jahiliyya ma suna rataya shi, suna ce masa wada'a, kuma a Musnad na Imamu Ahmad an ruwaito addu'ar rashin natsuwa a kan mai rataya shi. Malamai sun yi magana kan isnadin wannan ruwaya, amma hanin dogaro da irin waɗannan abubuwa ya tabbata ta hanyoyi da dama. Idan ado ne kawai a jikin ƙwarya ko jaka, babu laifi. Abin tsoro shi ne abin da zuciya ta ƙudurta, kuma kowace uwa ta san dalilin da ya sa ta ɗaura.

Sau da yawa kaka ce ta aiko da shi daga gida, cire shi kuma sai ya zama rigima. A bi ta da ladabi, a kira ta a waya a yi mata bayani, a gaya mata ana tofa wa yaron Falaƙi da Nasi safe da yamma, idan bai da lafiya kuma ana kai shi asibiti. Shi ɗan'uwan namu ya tsinke zaren tun a harabar masallaci. Saura kwanon maƙwabciya: na ce uwargida ta mayar mata da shi cike da tuwo da miyar kuka, ta ba ta haƙuri.